Makaɗin Piyano da Yaran da Ba Sa Magana

Ni ma'aikaciyar jinya ce a wani ƙaramin asibitin ikkilisiya a unguwar Dembe, cikin birnin Njamena. A waɗannan littattafai kun saba karanta zancen sauro, ruwan sha, allurar rigakafi da abincin yara. Yau zancen kiɗa ne. Kada ku ajiye littafin tukuna. Ku bari in gaya muku abin da ya kawo zancen.

Wata safiya da bazara, wata mata ta shigo da ɗanta ɗan shekara shida, kakarsa tana biye da su. Gyambo ne ya kawo su, a idon sawun yaron. Da na wanke shi sai na ga ciwon ya zagaye ƙafar gaba ɗaya. Na gane sawun igiya ne. Na tambayi uwar a hankali. Ta sunkuyar da kai ta ce, "Malama, ba mugunta ba ce. Kayan miya nake sayarwa a kasuwar Dembe. In na bar shi a sake sai ya fita titi, ga babura ga motoci. Ba ya magana, ba ya amsa kira. Tun da ya yi sanƙarau yana ɗan shekara biyu haka yake." Kakar ta ce mini, "'Yata, kada ki wahalar da kanki. Wannan gangar jiki ce kawai, babu kowa a ciki."

Duk lokacin da muke magana, yaron yana bugun benci da tafin hannunsa. Ya buga sau uku, ya tsaya, ya sake buga uku. Akwai kwanon tasa a gabana. Na ɗauki biro na ƙwanƙwasa kwanon sau uku, daidai yadda ya yi. Ya tsaya cik. Ya sake buga uku, na amsa da uku. Ya buga biyu, na amsa da biyu. Sai ya ɗago kai ya dube ni a fuska. Uwar ta rufe baki da hannu. Na ce wa kakar, "Iya, akwai mutum a ciki. Yanzun nan ya gaishe ni."

Ba ni na ƙago wannan dabara ba. Wata malamarmu ce a makarantar koyon aikin jinya ta ba mu labarin mutumin da ya ba da sauran rayuwarsa a kanta. Labarinsa nake so in ba ku, sa'an nan mu ga abin da za mu ɗauka daga ciki mu yi a gidajenmu.

WANE NE PAUL NORDOFF?

An haifi Paul Nordoff a birnin Filadelfiya ta ƙasar Amurka a shekarar 1909. Makaɗin piyano ne. Wanda ya taɓa shiga babbar majami'a a birni ya ga ɗan abin kiɗan nan mai maɓallai farare da baƙaƙe da ake dannawa da yatsu. Piyano shi ne babban yayansa. Akwati ne na katako mai nauyi ƙwarai, yana da maɓallai 88, farare 52, baƙaƙe 36. A cikinsa akwai tsirkiyoyi na ƙarfe. In ka danna maɓalli, sai wata 'yar guduma ta bugi tsirkiya ta yi sauti. In ka danna a hankali ya yi taushi, in ka danna da ƙarfi ya yi ƙara.

Irin kiɗan da Nordoff ya koya shi ne tsohon kiɗan Turawa wanda ake rubutawa a takarda da alamomi, makaɗi ya karanta ya kaɗa. Koyonsa yana cin shekaru masu yawa, ana maimaitawa awa da awa kowace rana. Ya yi karatu a makarantar kiɗa ta garinsu a hannun wata shahararriyar malama mai suna Olga Samaroff. Daga nan ya tafi makarantar Juilliard ta birnin New York, inda ya koyi tsara kiɗa. Sau biyu, a 1933 da 1935, aka ba shi kyautar Guggenheim, wadda ake ba masu hazaƙa don su sami sukunin yin aikinsu. Ya tsara kiɗa wa Martha Graham, wata babbar mai shirya raye-raye a Amurka. Ya koyar a makarantar da ta yaye shi, ya koyar a Michigan, daga baya ya zama farfesan kiɗa a kwalejin Bard a jihar New York.

Wato mutum ne da ya kai inda 'yan'uwansa makaɗa suke fatan kaiwa. Ga suna, ga albashi, ga ɗalibai, ga iyali.

JUYIN DA YA YI YANA ƊAN SHEKARA HAMSIN

A shekarar 1958 ya sami hutu daga aiki, ya tafi Turai. A can ya ziyarci wani gidan renon yara mai suna Sunfield, a wani ƙauye kusa da Birmingham a Ingila. Yaran da ke wurin irin waɗanda muka sani ne. Wasu ba sa magana. Wasu ba sa iya riƙe wuyansu. Wasu ba sa son a taɓa su. Wasu suna jijjiga jiki yini guda a kusurwar ɗaki. Ya ga yadda kiɗa ke motsa su, abin ya tsaya masa a rai.

A wannan gida akwai wani malami mai suna Clive Robbins, wanda aka haifa a 1927. Shi ma ya san naƙasa a jikinsa, domin ya ji rauni lokacin da yake sojan sama, hannunsa na hagu bai ƙara aiki sosai ba. Robbins ya san yara, Nordoff ya san kiɗa. A 1959 Nordoff ya ajiye kujerarsa ta farfesa, ya dawo Sunfield, suka fara aiki tare. Sun yi shekara wajen goma sha bakwai suna wannan aiki.

Ku tsaya ku yi tunani a nan. Mutumin da manyan gari suke tafa wa, ya koma yana kaɗa wa yaro guda ɗaya, yaron da ko dubansa ba ya yi. A wajen mutane da yawa wannan koma baya ne. Amma yau, in an ambaci sunan Nordoff a duniya, ba don kiɗan da ya tsara wa manya ake tunawa da shi ba. Don waɗannan yara ne.

YADDA SUKE YIN AIKIN

Za ku yi zaton suna tara yara ne su kaɗa musu kiɗa mai daɗi don hankalinsu ya kwanta. Ba haka suke yi ba. Ana shigo da yaro ɗaki. Nordoff yana zaune a gaban piyano. Robbins yana kusa da yaron, ga ganga, ga wani faifan tagulla da ake bugawa da sanda. Ba a ce wa yaron ya yi kome ba. Nordoff yana kallo, yana sauraro. In yaron yana tafiya yana dawowa, sai ya kaɗa daidai da takunsa. In yana jijjiga, sai ya bi jijjigar. In ya bugi ganga, sai ya amsa da irin saurin bugun da irin ƙarfinsa. Babu takarda a gabansa. Nan take yake ƙirƙiro kiɗan daga abin da yaron ya kawo.

Ga dalili. Yaron da ba ya magana ya saba ana yi masa abu. Ana wanke shi, ana ba shi abinci, ana tsawata masa, ana jan hannunsa. Da wuya ya ga shi ne ya fara wani abu, wani kuma ya amsa. Ranar da ya bugi ganga ya ji kiɗa ya bi shi, ya tsaya ya ji kiɗan ya tsaya, ran nan ya gane akwai wani a waje da ke jinsa. Daga nan sai Nordoff ya canja kaɗan. Ya rage sauri, ko ya bar gurbi ya jira. In yaron ya bi, ko ya cika gurbin, to, hira ta fara ke nan, ko da babu kalma ɗaya a ciki.

Suna buɗe kowane zama da waƙar gaisuwa mai sunan yaron a ciki, su rufe da waƙar sallama. Zaman ba ya yin tsawo. Suna ɗaukar kowane zama a na'urar ɗaukar magana, in yaron ya tafi su zauna su saurara dalla-dalla, suna rubuta abin da ya faru a kowane minti. Da haka suke ganin ƙaramin ci gaban da ido ba ya kamawa.

Sun kuma yi aiki da yara a ƙungiya. Akwai wani wasa da suka tsara inda ake watsa ganye a ƙasa, a ɗaure tsintsiya, yaro ya share ganyen yana bin waƙa har ya gama. Ku da kuka san waƙar niƙa da luguden daka, ba sai an gaya muku yadda waƙa ke ɗaukar aiki ba.

YARON DA KUKANSA YA ZAMA WAƘA

A farkon shekarun 1960 sun koma Filadelfiya, suka yi aiki a sashen kula da yara na Jami'ar Pennsylvania. A can aka kawo musu wani yaro ɗan shekara biyar da rabi wanda ba ya magana. Da aka shigo da shi ɗakin sai ya fashe da kururuwa, yana tsalle, yana birgima. Wani da sai ya daina kiɗan, ko ya rarrashe shi, ko ya tsawata masa. Nordoff ya saurari kukan, ya kaɗa da irin ƙarfinsa, ya rera da muryarsa yana amsa masa. Da suka saurari abin da na'ura ta ɗauka, sai suka ji kukan yaron yana hawa yana sauka daidai da sautin piyano. Wato cikin tsananin fushinsa yana ji, yana kuma amsawa. Mako bayan mako kukan ya riƙa sauyawa. A zama na tara, yaron da Nordoff suna musayar gaisuwa cikin waƙa, wannan ya rera, wancan ya amsa.

Daga irin waɗannan yara suka tsai da magana guda: a cikin kowane yaro, kome nauyin naƙasarsa, akwai wani ɓangare da ke jin kiɗa ya amsa. Sun rubuta littattafai a kan aikin, sun zagaya ƙasashen Turai suna koyarwa. A 1974 aka buɗe horon farko na masu wannan aiki a asibitin Goldie Leigh a London. Nordoff ya rasu a watan Janairu na 1977 a garin Herdecke a Jamus. Robbins ya ci gaba da aikin har ya rasu a 2011. Yau akwai cibiyoyi masu ɗauke da sunansu a Ingila da Amurka da wasu ƙasashe. A nahiyarmu ma, Jami'ar Pretoria a Afirka ta Kudu ta fara horar da masu jinya da kiɗa tun ƙarshen shekarun 1990.

ME YA SA KIƊA KE ISA INDA MAGANA BA TA ISA BA?

Na ɗaya, kunne yana fara aiki tun kafin haihuwa. Daga wajen wata na shida, ɗan da ke ciki yana jin bugun zuciyar uwarsa da muryarta. Kafin jariri ya san ma'anar kalma ko ɗaya, ya san tashi da saukar murya. Shi ya sa kowace uwa take yi wa jariri magana kamar mai waƙa, ba tare da wani ya koya mata ba.

Na biyu, a wajen yawancin mutane, aikin magana yana ɓangaren hagu na ƙwaƙwalwa. Kiɗa da waƙa kuwa suna amfani da wurare da yawa a ɓangarorin biyu. In ciwo ya ɓata wuri ɗaya, sauran suna nan. Wataƙila kun taɓa ganin dattijon da ɓarin jikinsa na dama ya shanye, magana ta ɗauke, amma in aka ɗauko waƙar da ya sani tun yana yaro sai bakinsa ya bi. A 1973 wasu masana a birnin Boston na Amurka suka fitar da hanyar koya wa irin waɗannan majinyata magana ta hanyar rerawa, ana ɗan bubbuga hannunsu na hagu a kan kowace gaɓar kalma.

Na uku, kiɗa yana maimaita kansa. Yaron da duniya ta rikice masa yana samun natsuwa in ya san abin da zai biyo baya. Waƙar da ya ji jiya, ya ji yau, ya san inda za ta kai.

ABIN DA KIƊA BA YA YI

Dole in faɗa muku wannan a fili. Na san in an ce kiɗa da warkarwa, tunanin mutane da yawa zai tafi wajen garaya da goge na masu bori. Abin da nake bayani dabam ne. Ba a kiran iska, ba a korar iska, babu wanda ke hawa kan kowa, babu yanka, babu biya. Mutum biyu ne suke sauraron juna. Musulmi zai iya yi da tafi da muryarsa, Kirista ma haka.

Kuma kiɗa ba ya mayar da abin da ciwo ya lalata a ƙwaƙwalwa. Nordoff da Robbins ba su taɓa cewa sun warkar da yaran ba. Ku tuna da labarin Sarki Saul a Littafin Sama'ila na Ɗaya. A sura ta 16, in damuwa ta taso masa, Dawuda yakan kaɗa masa garaya ya sami sauƙi. Amma a sura ta 18 da ta 19, Dawuda yana cikin kaɗawa Saul ya jefe shi da mashi. Kiɗan ya ba shi sauƙi, bai raba shi da ciwon ba. Don haka:

Yaro mai farfaɗiya yana bukatar maganinsa kowace rana, ba fashi. Farfaɗiya ba ta yaɗuwa ta miyau ko taɓawa.

Yaron da ba ya amsa kira, a fara duba kunnensa. Sanƙarau yakan kashe ji. Yaro kurma ma yana jin motsin ganga a hannunsa da ƙirjinsa, amma yana bukatar a koya masa maganar hannu da wuri.

Zazzaɓi da sanƙarewar wuya, ko zazzaɓi da jijjiga, ko yaro ya ƙi farkawa, wannan ba lokacin waƙa ba ne. A kawo shi asibiti a wannan sa'a, ko da tsakar dare ne.

SU WANE NE WAƊANNAN YARA A WAJENMU?

Ƙasarmu Chadi tana cikin yankin da sanƙarau ke yawan ɓarkewa da rani, daga hunturu zuwa bazara. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce cikin waɗanda suka kamu da sanƙarau mai tsanani, kusan ɗaya cikin biyar yakan rage da wata naƙasa, kamar kurumta, farfaɗiya ko raunin koyo. A watan Disamba na 2011 an yi wa mutum wajen miliyan 1.8, 'yan shekara 1 zuwa 29, sabuwar allurar sanƙarau a Njamena, Shari-Bagirmi da Mayo-Kebbi ta Gabas. A ranin da ya biyo baya, ciwon ya ragu ƙwarai a waɗannan wurare. Amma allurar nan ba ta hana kowane irin sanƙarau ba, kuma waɗanda ciwon ya riga ya taɓa suna nan cikin gidajenmu.

Akwai kuma waɗanda zazzaɓin cizon sauro ya hau musu ka, da waɗanda aka sha doguwar naƙuda kafin a haife su, da waɗanda shawara mai tsanani ta kama a makon farko, da waɗanda aka haifa da abin da wasu ke kira galahanga. Mutane sukan ce ɗan ruwa ne, ko an yi musanyarsa, ko laifin uwarsa ne. Ba ko ɗaya. Yaro ne, ɗan mutum, wanda ƙwaƙwalwarsa ta ji ciwo ko ta ginu dabam.

ABIN DA ZA KU IYA YI A GIDA

Babu piyano a ƙauyenku, a asibitinmu ma babu. Kuma ba na cewa za ku zama kamar wanda ya yi shekaru yana horo. Amma tushen aikin sauraro ne da amsawa, kayan aikin kuwa kuna da su: ƙwarya a kife, kwano, gora mai tsakuwa a ciki, tafi, da muryarku.

1. Ku zaɓi lokaci guda kowace rana, lokacin da yaron ya ci ya ƙoshi, ba ya jin barci. Minti goma ya isa. A kashe rediyo. Kada a tara 'yan kallo.

2. Ku zauna a tabarma daidai da shi, fuska da fuska, ko a gefensa in ba ya son a dube shi.

3. Ku fara da 'yar waƙar gaisuwa da kuka ƙago da kanku, mai sunansa a ciki. Gajeriya, kuma ita ce kullum.

4. Ku jira ku ga abin da yake yi. In ya buga, ku buga irin nasa. In ya yi wani sauti da baki, ku mayar masa da shi. In yana jijjiga, ku rera daidai da jijjigar. Kada ku kama hannunsa ku buga masa.

5. Ku riƙa barin gurbi. Ku rera, ku tsaya kafin kalmar ƙarshe, ku ƙirga har goma a zuci. Wannan shi ne mafi wuya, domin mu manya muna gaggawa. Sau da yawa amsar tana zuwa a ƙarshen jiran.

6. In ya toshe kunne, ko ya juya baya, ko kukansa ya ƙaru, ku sassauta ko ku tsaya. Wasu yaran ƙara tana yi musu zafi kamar yadda wuta ke yi mana.

7. Ku rufe da waƙar sallama, ita ma guda ɗaya kullum, don ya san an gama.

8. Ku sa waƙa cikin aikin yau da kullum. Waƙar wanka dabam, ta cin abinci dabam, ta kwanciya dabam. A hankali zai san abin da ke zuwa, faɗa ya ragu.

9. Ku riƙe lissafi. Mu ba mu da na'urar Nordoff, amma wanda ya iya rubutu a gidan ya rubuta abu ɗaya kowane mako: ya dube ni, ya jira, ya yi murmushi, ya juyo da na rera sunansa. Ku kawo takardar in kun zo asibiti.

Ke uwa, kada ki ɗauki wannan ke kaɗai. Kaka tana da waƙoƙi da lokaci. Yayye suna da haƙurin wasa. Kai uba, minti goma bayan ka dawo daga gona ba zai rage maka girma ba.

Haka kuma za ku iya yi wa babban mutum da ɓarin jikinsa ya shanye. Ku rera masa waƙar da ya sani, ku bar masa gurbi. In yana koyon tafiya, ku tafa masa a hankali daidai da takunsa, wani yana riƙe da shi. Tsohuwar da ta fara mantuwa har ba ta gane 'ya'yanta, ku gwada waƙoƙin ƙuruciyarta.

MAGANA GA IKKILISIYA

Martin Luther makaɗin molo ne irin na Turawa, ya kuma rubuta waƙoƙi don jama'a duka su rera da harshensu. A wurinsa, bayan Maganar Allah babu abin da ya kai kiɗa daraja. Mun gaji wannan. Muna da mawaƙa, muna da ganguna, muna da tulun kiɗa na zumuntar mata. Tambayata ita ce: ran Lahadi, ina yaran nan suke? Da yawa an kulle su a gida don kada su yi ihu cikin sujada a ji kunya.

Fasto da dattawa, ku tambayi gidajen da ke da irin wannan yaro. Ku ba uwar wurin zama kusa da ƙofa, ta fita ta dawo ba mai harararta. Ku ba yaron gora ya kaɗa, ko da bai dace da na kowa ba. Ku rage ƙarar lasifika, kada kuma a zaunar da jarirai kusa da ita, domin ƙara mai yawa tana lalata kunne. Mata biyu ko uku na zumunta su riƙa karɓar yaron ran kasuwa. Maƙwabta ma, kome addininsu, za su iya yin haka.

YARON DA NA FARA BA KU LABARI

Gyambon ya warke cikin mako uku. Mun duba, kunnensa ɗaya yana ji. Muna ba shi maganin farfaɗiya, domin ashe yana faɗuwa, ba su faɗa ba sai daga baya. Kakar nan da ta ce babu kowa a ciki, ita ce ta ɗauki aikin ƙwarya, tun da ita ke wuni a gida. Wani maƙwabci kafinta ya sa wa ƙofar gidan sakata a sama, inda hannun yaron ba ya kaiwa.

Yanzu wata takwas ke nan. Ba ya hira, wataƙila ba zai taɓa yi kamar sauran yara ba. Har yanzu akwai ranakun da yake kururuwa ba a san dalili ba. Amma in kakarsa ta rera waƙar sunansa, yana tasowa ya zo. In ta tsaya kafin ƙarshe, shi yake cikawa. Yana cewa "ruwa". Yana cin abinci a kwano ɗaya da yayyensa. Da suka zo karɓar magani a watan jiya, na tambayi uwar labarin igiyar. Ta ce, "Malama, akuya muke ɗaurewa da ita."

In akwai irin wannan yaro a gidanku ko a maƙwabta, ku kawo shi a duba shi. Kafin ranar zuwan, yau da yamma, ku kife ƙwarya a gabansa, ku zauna, ku jira shi ya fara. Ubangiji ya ba ku haƙuri, ya ba marasa lafiyarmu sauƙi. Amin.